Rabin Maganar Hadiza

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya rarraba harsunan mutane, Ya kuma ajiye wa irinmu abinci a tsakaninsu.

Shekaran jiya bayan la'asar samari uku suka same ni a ƙofar gida, dukansu sun gama lakwal, wato makarantar boko, suna neman abin yi. Ɗayansu ya ce, "Baba Garba, aikin tafinta ai ba aiki ba ne. Ka ji Hausa, ka ji Faransanci, shi ke nan. Yanzu ma waya tana yi." Na yi dariya na ce su sha shayi. Ban ba su amsa a ranar ba, don amsar doguwa ce. Ga ta nan na zauna na rubuta musu.

A Jugu aka haife ni, a bayan kasuwa, gidan masu sayar da goro. Hausa a gida na same ta, Dendi a kasuwa, Fulatanci a bakin masu kawo nono daga Pelebina. Ajami na koya a gaban malamin allo tun ban san akwai boko ba. Faransanci ne ya zo daga baya, da aka kai ni lakwal ina ƙato a cikin yara. Da wannan ɗan guzurin na sauka Paraku, aka haɗa ni da Baba Imoru, tsohon tafintan kotu, Allah Ya jiƙansa.

Shekara biyu ina bin sa ban buɗe baki a gaban alƙali ba. Wurin tsayuwa ya fara koya mini: a kafaɗar mai magana ta hagu, taki ɗaya a baya, don mutum ya dubi alƙali, kada ya dube ka. Ya ce in mutum ya fara yi maka magana kai, ya manta da alƙali, to ka ɓata aiki. Kayan aikin ba su da yawa. Kaye, wato littafin rubutu, da bik biyu, wato biro, don ɗaya kan mutu ana tsakiyar magana, da gorar ruwa, da farin goro saboda murya. Duk abin da aka faɗa ina rubuta shi tukuna kafin in juya shi, kuma da ajami nake rubutawa, don hannuna ya fi gudu daga dama zuwa hagu. Na kuma ɗauka babu mai iya karanta shi a wurin sai ni.

Aikina na farko na wani Bafillace ne da shanunsa suka shiga gonar doya. Alƙali ya tambaye shi ko shanun nasa ne. Mutumin ya fara da gaisuwa, ya gaida alƙali, ya tambayi iyalinsa, ya tambayi gajiya, sa'an nan ya ce nasa ne. Ni kuwa na juya na ce, "Ya ce nasa ne." Sai na ji Baba Imoru ya take mini ƙafa da takalminsa na soja. Da muka fita ya ce, "Kai wa ya ba ka gaisuwar mutum ka cinye? Alƙali ya ga mutum ya yi doguwar magana, kai ka kawo kalma huɗu. Yanzu ko dai ya ɗauka kai maƙaryaci ne, ko ya ɗauka Bafillacen ba shi da ladabi. Ba ƙari, ba ragi. Ka rubuta a bangon kayenka." Na rubuta. Har yau duk sabon kaye da na buɗe da wannan nake farawa.

Na yi wa direbobin Nijar tafinta, na yi wa 'yan kasuwar da kayansu suka maƙale a iyaka, na yi wa tsofaffi masu rigimar gona. Duk waɗannan da sauƙi, don babba ya san abin da ya zo faɗa. Mai wuyar shi ne ranar da miji da mata suka rabu, aka zo kan wanda zai riƙe ɗa, alƙali ya ce yana son jin bakin yaron. A wurinmu yaro ba ya zaɓe tsakanin uwa da uba. Ba a ma tambayarsa. Ga shi an tsayar da shi a gabansu an ce ya faɗi abin da ke ransa.

Wadda ba zan manta ba ita ce Hadiza. Shekararta goma sha biyar a lokacin. Ubanta Idi mai kamyo ne, wato babbar motar kaya, asalinsu mutanen Nijar, yana zaune a Turu, can bakin garin Paraku, yana ɗaukar kaya daga teku zuwa arewa. Uwarta Salamatu 'yar Jugu ce, mai ɗinki, gidansu ba nisa da namu. Sun rabu tun yarinyar tana ƙarama, ta tashi a hannun uwa. Da ta girma Idi ya ce lokaci ya yi da ɗiyarsa za ta dawo gidan ubanta. Salamatu ta ce a bari ta gama lakwal. Dattawa suka zauna sau uku ba a daidaita ba, magana ta kai kotu.

Alƙalin mace ce, mutuniyar kudu, ba ta daɗe da zuwa ƙasarmu ba. Madam muke ce mata. Tana da haƙuri da kaifin ido, amma ba ta san al'adunmu ba tukuna. A ofishinta aka zauna, ba a babban ɗaki ba. Ga abin da ta gani. Idi yana shigowa ya washe baki ya ce wa yarinyar, "Uwata, kin rame! Ba sa ba ki abinci a Jugu ne?" Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiran ta sai da Uwata. Salamatu kuwa tun da ta zauna ba ta dubi inda yarinyar take ba. Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunanta ba, sai "yarinyar nan", sai "waccan". Kowane Bahaushe ya san dalili. Hadiza 'yar fari ce, uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna tana son sa a gaban mutane. Ga shi kuma sunan surukuwarta ne. Na ga Madam tana duban Salamatu tana rubutu, na kuma san abin da take rubutawa. Ban ce kome ba. Ba ƙari, in ji Baba Imoru.

Sai Madam ta juya ga yarinyar ta tambaye ta da Faransanci inda take son zama. Hadiza ta zame daga kujera ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta amsa da Hausa, murya can ƙasa.

"Duk inda aka ce in zauna, zan zauna."

Na rubuta. Na buɗe baki zan juya ke nan, ta ƙara wata magana da ƙyar na ji ta.

"Amma Baba ba ya zama gida."

Wannan ma hannuna ya rubuta, don hannu ya saba. Idi bai ji ba, yana can gefen taga. Na dubi farin gashin da ke gemunsa. Na ce a raina wannan ƙarar uba ce a gaban baƙuwa, yarinya ce, bakinta ne ya suɓuce, in na faɗa gobe ita ce za ta ji kunya. Na juya wa Madam maganar farko, na tsaya. Madam ta ce, "Shi ke nan abin da ta faɗa?" Na ce shi ke nan.

Aka yanke cewa yarinya ta koma gidan uba a Turu, ta riƙa zuwa Jugu lokacin hutun lakwal, bayan wata shida a sake zama a ga yadda abin ya kasance. Na rufe kaye na tafi sallar azahar, ina ganin na rufa wa gida asiri.

Wata huɗu bayan haka, ina zaune a inuwar mangwaron ƙofar kotu da tsakar rana, wata yarinya cikin kakin lakwal ta zo ta durƙusa.

"Ina wuni, Baba Malam."

"Lafiya lau, 'yata. Ɗiyar wa?"

"Hadiza ce, ta wajen Idi mai kamyo."

Na tambayi gida, na tambayi karatu. Ta ce lafiya. Ta ɗauki tsinke tana zane a ƙasa, sa'an nan ta ce, "Baba Malam, ran nan na ga ka rubuta maganata duka. Rabi ka faɗa. Sauran tana cikin kayenka."

Na tofar da goron da ke bakina. Na ce, "Kina karanta ajami?"

"A Jugu na yi allo. Da na durƙusa kayen yana daidai idona."

"To ai kina jin Faransanci. Me ya hana ki gaya wa Madam da bakinki?"

"In yi magana da yaren da Baba da Inna ba sa ji, suna zaune? Ai kamar na juya musu baya ne."

"Da kika ji na rage, don me ba ki ce na rage ba?"

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko. "In ƙaryata babba a gaban mutane?"

Ku duba nan, samari. Yarinya ta kiyaye ladabin ubanta, ta kiyaye na uwarta, ta kiyaye nawa. Hanya ɗaya ta rage da maganarta za ta bi ta kai ga alƙali, hanyar kuwa ni ne, ni na toshe ta. Na riƙe "ba ƙari" da ƙarfi inda ƙarin zai taimaki uwarta, na saki "ba ragi" inda ragin ya cuce ta.

Tafinta rantsuwa yake yi kafin ya kama aiki. Wanda ya rage magana da gangan ana iya korarsa, kuma ni ba ni da wata sana'a. Kwana tara ina wucewa ta ƙofar ofishin Madam ina gaishe ta ina wucewa. Ran na goma na ɗauko tsohon kayen na shiga, na buɗe shafin, na sa yatsa a kan layi na biyu, na karanta mata, na juya. Ta daɗe tana duban rubutun da ba ta iya karantawa ba. Ta kira ni irin kiran masu Faransanci ta ce, "Mushe Garba, da ba ka zo ba, wa zai sani?" Na ce, "Yarinyar ta sani, Allah kuma Ya sani." Ta ce za a dakatar da ni wata uku, amma sai bayan zaman da ke tafe, in yarinyar ta yarda in tsaya mata. Aka tambayi Hadiza. Ta ce ni take so, don ni na san inda maganar ta tsaya.

Ranar zaman Madam ta ce za ta fitar da iyayen ta ji yarinyar ita kaɗai. Hadiza ta ce a'a, tana so su ji, bakinta ne dai ba zai iya ba. Ta zaro takarda daga cikin littafin lakwal, ninki huɗu, ta miƙa. Ba ni ta miƙa wa ba. Ubanta ta miƙa wa, da hannu biyu.

Da ajami ta rubuta. Idi bai yi boko ba, Salamatu ma haka, amma dukansu sun yi allo. Ta zaɓi rubutun da uban zai karanta da idonsa, uwar ta karɓa ta duba, babu mai rage mata ko wasali ɗaya.

Idi ya riƙe takardar nesa da fuska, ya matsa wajen taga. Ya ce, "Uwata, wasiƙa kika yi mini ina zaune a gabanki? To Madam ta yi haƙuri, karatuna irin tafiyar kamyo ne a kan tudu." Ya sa yatsa yana bi, yana karantawa a fili, ni ina tsaye a kafaɗarsa ina juyawa layi bayan layi.

"Baba, ban ƙi gidanka ba. Gwaggo tana kula da ni, ba abin da na rasa. Amma tun da na zo Turu sau bakwai muka ci abinci tare da kai. Ina yin zane a bayan ƙofa. Na bar Inna don in zauna da kai, ga shi babu Inna, babu kai."

Ya tsaya. Ya cire hula ya share goshi da ita, ya mayar. Ya ce, "Ashe ƙirga kwanona kike yi." Ba wanda ya yi dariya. Na juya wannan ma. Ya ci gaba.

"Ina so in koma Jugu in gama lakwal. Duk ranar da ka sauke kaya kana hutawa, ka yi waya, in hau mota in zo, ko kwana biyu ne. Kada a rubuta mana ranaku a takarda, don takarda ba ta san ranar da kamyo zai dawo ba. Lokacin hutun lakwal kai kana hanya."

Sai ya yi murmushi ya dubi inda Salamatu take. "Akwai naki a ƙasa, ki saurara." Ya karanta da ƙarfi, har da gyaran murya.

"Inna kuma, in Baba ya kira kada ki ce akwai aiki. Kuma ki bar cewa mutumin nan. Ki ce babanki."

Salamatu ta ja mayafi ta rufe baki. Ta ce wa bango, "Ji yarinyar nan."

A nan na ɗaga hannu na ce, "Madam, ina neman izini. Abin da zan faɗa yanzu ba fassara ba ne, bayani ne daga gare ni." Na gaya mata kunyar ɗan fari, na gaya mata dalilin da ya sa matar nan ba za ta taɓa kiran sunan ɗiyarta ba ko da za a kwana ana tambayarta. Na maimaita da Hausa don kowa ya san abin da na ce. Madam ta jawo takardunta na zaman farko, ta nemi wani layi, ta ja bik a kansa.

Ta tambayi Idi abin da ya gani. Ya ninke wasiƙar ya sa a aljihun gaba, ya danne da tafin hannu. Ya ce, "Malam, gaya wa Madam uwata ta yanke hukunci. Ni ɗa ne, ban isa in ja ba." Sa'an nan ya juyo gare ni, don Madam ta riga ta bayyana musu abin da na yi. "Kai kuma Malam, wata shida! Ni da nake jin ƙarar inji in san abin da ke damunsa, ka hana ni jin ɗiyata. Da ka bar ni na ji kunyata ta minti ɗaya, ai da na warke tuni." Na juya wa Madam wannan duka, har da minti ɗayan.

Madam ta ce dole a rubuta wani abu, kotu ba ta sallamar mutane da baki. Ta rubuta cewa yarinya za ta zauna wurin uwa, uba kuma yana da ita duk ranar da yake gari in ya sanar, muddin ba za ta rasa lakwal ba. Ta karanta wa Hadiza ta ce, "Haka kike nufi?" Hadiza ta ce haka ne. Madam ba ta ajiye bik ba, ta jira. Ni ma na jira. Ba a ƙara kome ba.

Da za su fita Salamatu ta tura wata 'yar jaka da ƙafa zuwa wajen yarinyar, idonta yana kan ƙofa. "Ke, riƙe wannan, ta yi mini nauyi." Ƙanshin wasa-wasa ya cika ofis, wannan abincin garin doya na mutanen Jugu. Tun asuba ta dafa, ta ɗauko shi a cinya tun daga can. Madam ta dube ni. Na ce, "Wannan ba ya bukatar tafinta."

Wata ukun nan su ne mummunar shekarata, don ba su tsaya a wata uku ba. Damina ce, na tafi Pelebina wurin ƙanena na kama fartanya da hannun da bai san kome ba sai bik. Da na dawo labari ya riga ni. A tasha ana cewa Garba yana cinye magana. Direbobin da suke nemana da suna suka koma neman wani. Wani tsoho ya taɓa tsayar da shari'a ya ce a kawo masa wanda ba ya ragi. Ban yi musu ba, gaskiyarsu ce. Sai da shekara ta zagayo mutane suka fara dawowa, kuma Idi ne ya dawo da su. Duk wanda ya yi maganata a tasha sai ya ce, "Wane tafinta kuka taɓa ji ya kai ƙarar kansa?"

Daga wannan shari'ar na ƙara abu ɗaya a kan abin da Baba Imoru ya koya mini. In yaro ya yi magana ya tsaya, ba na buɗe baki sai na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya a zuci, a hankali. Maganar farko ta ladabi ce, ta iyaye ce. Tasa tana baya, kuma ba ta fitowa sai ta ga an bar mata hanya. Alƙalai da yawa sun ɗauka tsufa ne ya sa nake jinkiri. Na bar su a haka. Sau nawa kafin in kai ƙarshen surar sai in ji ƙaramar murya ta ce, "Amma..." Wani yaro kekensa ne a gidan uba. Wata ƙanenta ne ba ta so a raba su. Wani kuwa abin da ya faɗa ya sa aka rufe ƙofa aka kira likita. Ba naka ba ne ka auna wanne ya isa a faɗa. Naka ka kai shi inda aka aike shi. Wanda zai iya wannan a cikinku, ya zo in nuna masa wurin tsayuwa.

Hadiza ta gama lakwal, tana aiki yanzu a Jugu, tana da ɗa ɗaya wanda ita ma ba ta kiran sunansa. Idi ya bar tuƙi, amma wasiƙar tana nan cikin ledar da yake ajiye takardun mota. Bayan ƙaramar sallar da ta wuce suka zo gaishe ni tare. Ta durƙusa, na tambayi aiki, na tambayi Innarta, na tambayi yaron. Ta ce duk lafiya, alhamdu lillahi. Ta yi shiru. Ni ma na yi shiru, leɓena yana motsi.

Sai ta tuntsire da dariya ta ce, "Baba Malam, na gama. Wannan karon babu amma."

Allah Ya yafe mana abin da muka rage, Ya ba mu kunnen jin na ƙasa da mu.